Yaro ya fara tatata, ko ya zo na ɗaya a aji: yaya iyaye za su yi da wannan farin ciki?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Zango ya ƙare, duk wanda ya leƙa WhatsApp a makon nan ya ga takardun sakamako, da hotunan 'yan rabin aji sanye da hular kammalawa, da bidiyon masu karanto Fatiha da bakin da bai gama nuna ba. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka. Tambayar ita ce, wane ci gaban yaro ne ya cancanci a yi murna da shi, yaya za a nuna masa, kuma ina ne iyakar nuna wa duniya? Akwai malamai da ma'aikatan lafiya a cikinmu. Bismillah.

Ma'aikaciyar Awo:
Wa alaikumus salam. Bari in fara daga tushe, domin gasar iyaye tun daga zama da rarrafe take somawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi yara lafiyayyu a Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. Zama ba tare da jingina ba yana zuwa tsakanin wata 4 da wata 9. Rarrafe, wata 5 zuwa 13 da rabi. Tsayuwa shi kaɗai, wata 7 zuwa 17. Tafiya ba riƙo, wata 8 zuwa kusan 18. Ku dubi faɗin tazarar nan da kyau. Wanda ya taka a wata 9 da wanda ya taka a wata 16 duk lafiyarsu ƙalau. Har ma kimanin yara 4 cikin 100 ba su yi rarrafe da hannu da gwiwa ba sam, jan gindi suka yi ko suka miƙe kai tsaye.

Don haka a yi murna ranar da ya yi tatata, ranar murna ce. Abin da ba daidai ba shi ne a ɗauki saurin tafiya a matsayin shaidar kaifin ƙwaƙwalwa, ko a sa maƙwabciya kwana da zullumi saboda nata bai tashi ba.

Inda ake zuwa asibiti ba jira: wata 9 bai zauna ba, wata 18 bai taka ba ko bai furta kalma ko ɗaya mai ma'ana ba, shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba irin su "ba ni" ko "Mama zo". Mafi girma duka, yaro ya iya abu sannan ya daina. Wannan ba a cewa nauyin baki ne na gado.

Maman 'Yan Biyu:
Anti, keken koyon tafiya fa? Wanda ake zaunar da yaro a ciki yana yawo da kansa. Ana cewa yana sa su taka da wuri.

Ma'aikaciyar Awo:
Ba ya sawa, 'yar uwa. Yaro a cikinsa da kan yatsu yake tura ƙasa, nauyinsa yana kan mazaunin, bai koyi riƙe kansa ba. Ga haɗari: yana kai shi bakin murhu, bakin matakala, kusa da tukunyar ruwan zafi cikin ƙiftawar ido. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Namu na katako mai ƙafa uku, wanda yaro ke tsayawa ya tura, ya fi shi, muddin wurin a shimfiɗe yake kuma babba yana kusa. Wanda ya fi duka kuwa tabarma ce a ƙasa da ƙafa ba takalmi.

Tun da mun zo nan, a yi maganar haƙori. Na farko yakan ɓullo wajen wata 6, wani ya kai shekara, su cika 20 kafin shekara 3 ko kusa da haka, a fara famfara wajen shekara 6. Haƙori yana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙyuya. Ba ya kawo zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni, ba ya kawo gudawa mai yawa. Lokacin ne yaro ke kai komai baki, shi ya sa cututtuka ke haɗuwa da fitowar haƙori. Zazzaɓi a gwada jini, gudawa a ba da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. Kada a manta maganin haƙori na My Pikin da ya kashe yara 84 a Najeriya tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009.

Hajiya Kaka:
Allah ya saka, 'yata. Ni abin da nake kallo dabam ne. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta tsaya gaban mutane tana yabonsa. Alkunya ce, kuma tana da hikima: yaro na kowa ne, kakanni da gwaggonni da kawunnai su ne masu yi masa kirari da tukwici. Sannan ana gudun baki. Yanzu an juya, komai sai an ɗora a waya. Ba na cewa a koma jiya dungurungum, amma wannan tallan 'ya'ya yana ba ni tsoro.

Malamin Islamiyya:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganarki tana da tushe, sai dai a raba abu biyu. Kambun baka gaskiya ne, kuma an koya mana maganinsa. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin Amir bin Rabi'a da ya yaba jikin Sahlu bin Hunaif, Sahlu ya faɗi ba lafiya, Annabi (SAW) ya yi wa Amir faɗa a kan me ya sa bai sa albarka ba. Ke nan wanda ya ga abin sha'awa ya ce Allah ya yi albarka, ya ce masha Allah. Kuma Annabi (SAW) yana nema wa Hasan da Husaini tsari daga kowane shaiɗan da abu mai dafi da ido mai cutarwa. Iyaye su haddace wannan addu'a, su riƙa yi safe da yamma tare da Falaƙi da Nasi.

Ɗaya ɓangaren, alkunya ba ta zama dalilin hana yaro jin daɗin iyayensa ba. Aƙra'u bin Habis ya ga Annabi (SAW) yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. To a ɓoye wa kasuwa in an ga dama, amma kada a ɓoye wa yaron kansa. Ɗan fari shi ya fi shan wannan rashi: kowa na yabonsa ban da mutum biyun da ya fi son ji daga bakinsu.

Hajiya Kaka:
Wannan kam gaskiya ne, Malam. A cikin ɗaki babu mai hana uwa ta ce Allah ya yi maka albarka.

Malamar Aji Ɗaya:
Bari mu shigo aji. Iyaye da yawa idan an miƙa musu takardar sakamako, gurbi ɗaya suke dubawa: na nawa ya zo? Alhali shi ne gurbin da ya fi ƙarancin bayani. Na 3 a ajin yara 12 da na 15 a ajin yara 90, wa ya fi? Yaro zai iya zuwa na 2 da maki 48 cikin 100 idan ajin duka a baya yake.

Ga yadda ake karanta takardar. A fara da makin kowane darasi a kwatanta da matsakaicin makin aji, in an rubuta. A raba makin gwaje-gwajen cikin zango da na jarrabawa. In na cikin zango ya yi sama ƙwarai na jarrabawa ya faɗo, sau da yawa wani ne ke yi masa jinga a gida, ko kuma tsoro ke kama shi. A dubi kwanakin zuwa makaranta, domin fashin kwana 10 saboda zazzaɓi yana bayyana a lissafi kafin ko'ina. Sannan a ajiye ta kusa da ta zangon da ya wuce. Wanda ya tashi daga 40 zuwa 58 ya yi aikin da ya fi na wanda ya tsaya a 80.

Akwai kuma shekaru. A aji ɗaya za a sami wanda ya girmi wani da wata 11. Ga ɗan shekara 5, wannan kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na rayuwarsa. Yawancin abin da ake kira ƙoƙari a rabin aji, girma ne kawai.

Baban Yara:
Malama, da girmamawa, ban yarda duka ba. Duniya gasa ce. Gobe jarrabawar shiga sakandare ce, jibi JAMB, kuma can ba a tambayar daga nawa ka taso. In ba a saba wa yaro neman na ɗaya tun yanzu ba, yaushe? Kyautar keke ga wanda ya zo na ɗaya tana sa yaro ya zage dantse.

Tsohon Hedimasta:
Alhaji, gasa tana nan, ba mai musu. Amma dubi abin da alkawarin keke yake saya. Na ɗaya mutum guda ne a aji, kuma ba a hannun yaronka kaɗai yake ba, yana hannun sauran yara da malamin da ke duba takarda. Ka ɗaura lada a kan abin da yaro ba ya iko da shi, sai ya nemi hanyar da yake iko da ita: leƙen takardar na kusa, goge maki da biro, ɓoye takarda a ce ba a bayar ba. Wasu makarantun kuɗi ma sun gane abin da iyaye ke so, sai a cika takarda da maki 90 don kada a cire yaro.

Akwai bincike sananne na Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998, a kan 'yan aji biyar a Amurka. An ba yara aiki, aka ce wa wasu kuna da basira, wasu aka ce kun yi aiki tuƙuru. Waɗanda aka yaba wa basira sun fi zaɓar aiki mai sauƙi daga baya, sun fi saurin karaya da aka ba su mai wuya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 nasu sun ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Ba na cewa kalma ɗaya ke gyara yaro ko ɓata shi, amma duk malamin da ya daɗe a aji ya san yaron da ya daina ɗaga hannu don tsoron kada sunansa na mai ƙoƙari ya zube.

Ka sayi keken, Alhaji. Ka ɗaura shi a kan abin da ke hannunsa: karatu na minti 15 kullum har zango ya ƙare, jinga da hannunsa, ba fashi.

Baban Yara:
To, na ji wannan. Amma yaya uba zai tabbatar yaro ya iya karatun da gaske, in takardar ma ba abin dogaro ba ce?

Malamar Aji Ɗaya:
Minti 5 ya isa. Kada a ba shi littafin ajinsa, ya riga ya haddace shi, zai iya "karantawa" littafin a kife. A rubuta haruffa 10 a hargitse, ba a jeren a, b, c ba, a sa ƙ, ɗ, ɓ, sh da ts a ciki, ya faɗi sautinsu. In ya wuce, gaɓoɓi: ba, ki, mu, tso. Sai kalmomi 5 da ya sani, kamar tulu, rago, ƙofa. Sai a ƙirƙiro kalmomin da babu su, irin nefo, tiɓu, luki. Nan asiri ke tonuwa, domin mai hadda ba ya iya su, mai haɗa baƙi da wasali kuwa zai karanta ba gargada. Bayan haka jimloli 4, sannan gajeren labari, a tambaye shi wa ya yi me, kuma don me. Matakan nan na harafi, kalma, sakin layi da labari su ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da su, kuma an yi amfani da tsarin a makarantun Borno da Kano.

Inda ya tsaya, nan ne matakinsa, nan ne za a yi aiki. Ranar da ya haura zuwa na gaba ita ce ranar tukwici. A fara da Hausa, domin rubutunta yana bin furuci, yaro yana gane dabarar da wuri, sai ya ɗauke ta ya kai Turanci. Littattafan Mu Karanta da aka yi wa Bauchi da Sakkwato, da na shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan wannan aka gina su.

Lissafi ma haka. Ƙirga 1 zuwa 100 waƙa ce. A zuba tsakuwa ko wake a ce ba ni 7. A baza guda 7 ɗin a tambaya ko sun ƙaru. Wanda ya ce suna nan 7 ya fi mai rera ɗari.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, yaron da ke juya b ta zama d, ko ya fara rubutu daga dama fa?

Malamar Aji Ɗaya:
Har wajen shekara 7 ba abin damuwa ba ne. Yaranmu ma aikinsu ya ninka: b, d, ɓ, ɗ huɗu ne masu kama, sannan da safe hagu zuwa dama, da yamma a allo dama zuwa hagu. A sa ɗigon kore a gefen hagu na shafi ya san mafara. A koya harafi ɗaya har ya zauna kafin a kawo ɗan uwansa. In ya haura 8 abin bai ragu ba, a duba ido da kunne tukuna, sannan a zauna da malaminsa.

Malamin Allo:
Allah ya gafarta malamai, a ba ni fili kaɗan. Makarantar allo ta daɗe da sanin cewa yaro yana son a ga ci gabansa. Babbaƙu, farfaru, haɗa baƙi, kowane mataki da sunansa. Wanke allo kansa shaida ce: ba ka wankewa sai ka biya wa malam ya gamsu. Daga Nasi zuwa Sabbi surori 28, izu ɗaya ke nan. Zuwa surar Amma, izu biyu. Ƙul'uhiya uku, Tabaraka huɗu. A wurare da dama idan yaro ya kai irin waɗannan gaɓoɓi iyaye kan aiko da sadaka, waina ko gumba, 'yan uwansa ɗalibai su ci su yi masa addu'a. Ku lura, murnar da abokan karatunsa ake yi, kuma a kan abin da malam ya tabbatar.

Abin da ke lalacewa yanzu gaggawa ce. Uba yana son ya ce ɗana ya yi izu 10, sai a matsa wa malam da ƙari, ba tilawa. Yaro yana Tabaraka, in ka ja masa Lam yakun ya tsaya. Ƙaramin yaro aya 2 zuwa 3 a rana sun ishe shi, amma bayan asuba ya maimaita na baya, kuma a ware rana guda a mako ba ƙari sai tishi. Iyaye su gwada da kansu: a jawo aya daga tsakiyar sura, ba daga farko ba. Sannan a bambanta sauka da hadda. Sauka ita ce ya karance izu 60 a gaban malam, a yi masa allon zayyana da walima. Hadda aiki ne dabam. Kowanne abin alfahari ne, amma a kira shi da sunansa.

Malamin Islamiyya:
Ƙari a kan na Malam: in yaro yana allo da Warshu yana Islamiyya da Hafsu, a sanar da malaman biyu. Sau da yawa ana dukan yaro a kan kuskure alhali ruwaya ce ta bambanta.

Sai adalci tsakanin 'ya'ya. Hadisin Nu'umanu bin Bashir yana Bukhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) ya ƙi zama shaida, ya ce a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya. A gidan da ke da ɗakuna biyu ko uku, kyautar na ɗaya tana iya zama wutar da za ta kai shekaru tana ci. In za a yi, a nemo wa kowane yaro abin da ya ci gaba a kai. Kuma kalmar "dubi ƙanenka" a cire ta daga gida.

Ma'aikaciyar Awo:
Akwai nasarorin da ba a ɗora su a waya, kuma su ne yaro ya fi shan wahalarsu. Daina kashi a wando yakan zo tsakanin shekara ɗaya da rabi da 3. Alamar ya shirya: yana kwashe awa 2 a bushe, yana nuna ya ji, yana iya sauke wando. A zaunar da shi a fo bayan cin abinci, minti 3 zuwa 5, in bai yi ba a tashe shi ba faɗa. Fitsarin kwance kuwa ba a kiransa matsala kafin shekara 5, kuma a wannan shekarar ma kimanin 15 cikin 100 suna yi. Yana bin jini, ba ganganci ba ne. Kiran yaro amalala da tara masa yara suna ƙara abin ne. A rage sha awa 1 zuwa 2 kafin barci, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a duba ko cikinsa na ɗaurewa. In ya daina wata 6 sannan ya dawo, ko yana yawan ƙishirwa da ramewa, ko yana kuka wajen fitsari, asibiti.

Bahago ma, kusan mutum 1 cikin 10 ne. A koya masa ci da gaisuwa da dama a hankali, a bar masa alƙalami a hannun da ya fi ƙarfi.

Tsohon Hedimasta:
Kafin a tashi, maganar Hajiya ta ɗora hotuna. Ban da baki akwai tsaro. Takardar sakamako tana ɗauke da cikakken sunan yaro, sunan makaranta, aji, wani lokaci ranar haihuwa. Rigar makaranta tana da bajo. Wanda ya haɗa waɗannan ya san inda yaron yake kowace safiya da sunan da zai kira shi. In za a ɗora, a rufe suna da makaranta da bajo, kada a ɗauka a ƙofar gida ko ƙofar makaranta, kada fuskar 'ya'yan wasu ta fito ba izinin iyayensu. A WhatsApp akwai inda ake zaɓar waɗanda za su ga abin da aka ɗora, a taƙaita ga dangi. Hoton wanka ko na kan fo kuwa kada ya bar wayar.

Baban Yara:
Ranka ya daɗe, tsallaken aji fa? Makaranta ta ce yaro ya fi ƙarfin aji 2, a kai shi 4.

Tsohon Hedimasta:
A tambayi makarantar gwajin da ta yi, a gani a rubuce. Aji 3 ne inda ake zaunar da sau da rabawa, kuma daga nan yaro ke komawa karanta darasi da kansa. Wanda ya tsallake shi yakan yi ta tuntuɓe a lissafin ɓangare a aji 5, a rasa dalili. A ba shi jarrabawar ƙarshen aji 3 cikakkiya, ta lissafi da karatu da rubutu. A duba ko hannunsa na iya kwafe allo cike kafin a goge, ko yana iya zama darasin minti 35 zuwa 40, ko zai iya kare kansa cikin yaran da suka girme shi da shekara 2. In ɗaya daga ciki ya gaza, a bar shi a ajinsa a ƙara masa littattafan karantawa a gida.

Maman 'Yan Biyu:
Malamar Aji Ɗaya, don Allah a turo mana jerin haruffa da kalmomin gwajin nan a rubuce, mu gwada a wannan hutun.

Malamar Aji Ɗaya:
Insha Allah bayan isha'i. A rubuta da manyan baƙaƙe a farar takarda, layi ɗaya kalma 5, kuma a yi gwajin da safe bayan ya karya, ba lokacin da ya dawo daga Islamiyya a gajiye ba.